Sai Fanka Ta Yi Shiru

Isyaku rewaya ya zaro kansa daga cikin bonet, ya goge hannu a jikin wandonsa, ya ce da Hadiza shi fa ya gano ɓarawon batir ɗin. Fanka ce.

Motar Mu'awiya irin masu gudun tsiyar nan ce, baƙa, mai turbo, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Ko an kashe ta an zare makulli, fankar injin ba ta tsayawa. Sai ta yi ta huci ita kaɗai a gareji har ƙarfen ya huce. Duk layinsu a Gyaɗi-Gyaɗi babu wata motar da ke yin haka, har maƙwabta sun gaji da tambayar ko aljanu ne da ita.

Jummai, ƙanwar Mu'awiya, ce ta ɗauko Isyaku daga Tarauni a adaidaita sahu, don bai taɓa zuwa gidan ba. Bayaninsa a bayyane yake. Fankar ba ta lalace ba, haka masu ƙera motar suka tsara ta, saboda zafin da ke taruwa a inji bayan an kashe ya samu hanyar fita. Amma batir ɗin ya tsufa, kullum tana tsotsar ɗan abin da ya rage masa. A cire waya ɗaya, shi ke nan, kowa ya huta.

"Ina maigidan? Da shi ya kamata mu yi maganar nan, Hajiya."

"Ba ya nan," in ji Hadiza, matar Mu'awiya, daga bakin ƙofar falo. "Kar ka taɓa wayar, Malam."

Ta faɗa ne ba fushi ba roƙo, kamar mai faɗin ƙarfe nawa. Tsohon hijabi ne a jikinta, idonta ko kwalli babu. Kwanakin nan haka take. Ba ta jin daɗi, ba ta jin ɓacin rai, abinci ma sai ta ga kwano ya ƙare take sanin ta ci.

Abin da Isyaku bai sani ba shi ne Inna. Mahaifiyar Mu'awiya ce, ido ya tafi, tsufa kuma ya fara kwashe mata abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka gaya mata da safe, kafin azahar ya zube. Ɗabi'a ɗaya ce ta ƙi barinta: ba ta cin abincin yamma, ba ta haɗiyar maganin hawan jininta, sai ta ji ɗanta ya dawo gida. Ƙugin inji ba ya ce mata komai, ai unguwar cike take da injuna. Fankar take jira. Tun da ya sayi motar, Mu'awiya ba ya fitowa daga cikinta sai fanka ta yi shiru. Wai wanda ya yi gudu ba a hana shi haki, haka yake cewa. Inna ta yi masa faɗa har ta gaji, daga baya ita ce ta fi kowa sanin kukan abin.

Jiya batir ya mutu, fanka ba ta yi kuka ba. Inna ta datse baki. Jummai ta lallasa, ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ina! Tsohuwa sai tambaya take, ina Mu'awiya, me ya tsare shi a hanya.

Isyaku ya zagaya motar yana tsaki ƙasa-ƙasa. Wannan wane irin maigida ne? Mota kamar wannan, taya duk ta yi laushi, gizo-gizo ya yi saƙa a bayan madubi. Ya ce a gaya wa maigidan ya riƙa ba ta doguwar hanya, ko zuwa Wudil ne ya dawo, batir zai ci wuta. Hadiza ta ce to. Ya ɗaura wani batir, ya bar wayar inda take, ya tattara kayan aikinsa. Jummai ta raka shi ta ƙaramar ƙofa.

Da la'asar sakaliya injin ya tashi a gareji. Ya daɗe yana ruri har zafinsa ya shigo ta tagar falo. Aka taka totur sau biyu, yadda aka saba, sannan aka kashe. Shiru ya ɗan gifta, Jummai na gaban Inna a falo, riƙe da cokali a sama.

Fanka ta ɗauka.

Inna ta karkata kai wajen taga, fuskarta ta saki. "Ga shi nan, ɗan nema. Ba zai shigo ba sai ya gama lallashin ƙarfensa." Ta buɗe baki. Jummai ta yi ta ba ta tuwo da sauri-sauri, ta haɗa da ƙwayar magani da ruwa. Inna ta ce a ajiye masa nasa a rufe, kada ya huce. Ta jingina da matashi tana jiran sallamarsa, kamar kullum, kuma kamar kullum barci ya riga sallamar zuwa.

Can fankar ta rage gudu, ta yi shiru.

Ƙofar direba ta buɗe. Hadiza ta fito ba takalmi, ta tura ƙofar a hankali, ta wuce ta gaban babban get ɗin da ba a sake buɗe wa motar ba tun ranar da aka fita da gawar Mu'awiya.