Goyon Hermelinda

Hayaƙin ɗakin turiri ya fara sirancewa, Crisóforo kuwa ko rabin tudun bai hau ba. Ya gyara goyon da ke bayansa, ya ƙara sauri, tsakuwa tana zame masa a ƙafa.

"A hankali, kar ka zubar da ni," in ji Hermelinda daga cikin mayafi.

A garinmu mai jego ba ta takawa zuwa wankan turiri. Mijinta ke goya ta har ƙofa, unguwa tana kallo. Wadda ta zo da ƙafarta ta shiga bakin mata ke nan, matanmu kuwa ba su iya mantuwa ba. Mijin Hermelinda ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da ke arewa da mu tun tana da ciki, ko gaisuwa bai aiko ba. Ita kuma ta rantse ba za ta je da ƙafa ba, ba za ta hau bayan maƙwabci ba. Taurin kai gare ta, amma ni ban ga laifinta ba.

Gobe masu aikin hanya za su rushe ɗakin. In wutar yau ta mutu, wankan nan ya wuce ta har abada.

Numfashin Crisóforo ya koma sama-sama. Ba nauyinta ke damunsa ba, rashin nauyin ne ke tsorata shi.

Yana isa ya tarar da Tiburcia, mai kula da ɗakin, ta ɗaga tulu za ta kwara wa garwashi ruwa.

"Tsaya! Don Allah kar ki kashe!"

"Bawan Allah, wutar yau ta masu jego ce, kuma sun gama."

"Ga wata nan."

Matan da ke shan kunun masara a gindin bango suka kwashe da dariya. "Kai, da furfurar nan? Ashe da sauranka!"

"Ni ba mijinta ba ne," ya ce.

Dariya ta ɗauke. Tiburcia ba ta sauke tulun ba.

"Ba ma shigar da mace sai mun ga abin da ta haifa. Ina jaririn?"

Hermelinda ta yaye mayafin. Kanta fari fat, bakinta ba haƙori ko ɗaya. Ta shafa furfurar Crisóforo.

"Ga shi nan, 'yata. Jira na yi ya girma ya iya ɗaukata."