Shekarar da Shanu Suka Yi Ƙwai

Tunda ka ce kanun teburin lissafin nan ba su yi maka kyau ba, zauna in ba ka misali kafin ka taɓa su. An yi wani ma'aikacin ƙididdiga a ofishin kula da dabbobi, mutum mai son tsaf-tsaf, irin wanda ke goge takalminsa kafin ya shiga ofis. Aka ba shi haɗa rahoton dabbobin gunduma, wanda da shi za a raba allurar rigakafi. Manhajar da yake aiki da ita takan jera dabbobi rukuni-rukuni bisa tsarin abacada, ta ɗora wa kowane rukuni sunansa da kanta, amma da ƙananan baƙaƙe marasa fasali. Abin ya tsaya masa a rai. Maimakon ya koyi yadda ake gyara kan a cikin manhajar, sai ya kashe shi ɗungurungum, ya zauna ya buga nasa da hannu, manya-manya, har da ja musu layi: Awaki, Jakuna, Kaji, Shanu. Ana gobe taro, wani ƙauye na bakin tafki ya aiko da nasa lissafin, a ciki har da agwagi. Ya zuba, ya buga, ya sa aka yi wa rahoton bango mai ƙyalli, bai ko buɗe ba. Ita kuwa manhaja ba ruwanta, ta sa agwagi a gaban awaki, kowane rukuni ya gusa ƙasa da taki ɗaya. Kanun da ya buga da hannu suka tsaya inda ya bar su.

Ranar taro shugaban kwamiti ya gyara tabarau ya soma karantawa a gaban makiyaya. Aka ji awakin gunduma sun fi son wuni cikin ruwa. Aka ji kowace kaza na kai buhu biyu kasuwa ranar Laraba. Da ya kai ga cewa shanu sun yi ƙwai dubu arba'in a bana, sai wani tsohon arɗo ya ɗaga sandarsa cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara sittin ina bin saniya, ban taɓa ganin ta a cikin akurki ba. A nuna mana garken." Shanun gaskiya kuwa sun faɗa shafin ƙarshe ba suna, don haka ba a ware musu allura ko ɗaya ba. Aka ɗage rabon mako uku, ga damina ta kawo kai. Mutumin nan ya koma ya yi abin da ya guda tun farko, ya ɗaure kowane kai da rukuninsa a cikin manhajar, yadda duk inda rukuni ya je sunansa na biye da shi. Amma har ya yi ritaya, in ya ratsa kara, kasuwar shanu, sai mahauta su tambaye shi nawa ne kiret ɗin ƙwai. Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.