Gwarzon Aji Huɗu

"Tashi ki karanta mana naki, Auta," in ji Malam, yana satar kallon sufeton da ke zaune a bayan aji. Ƙarin girmansa na rataye a bakin alƙalamin mutumin nan.

Ba a banza ya zaɓe ta ba. Tun makon jiya yake koya musu tsara insha'i: gabatarwa, hujjoji uku, kammalawa. Ya ja musu kunne su rubuta abin da idonsu ya gani kawai. Da ya ce kowa ya rubuta a kan gwarzonsa, ya ƙara da cewa gwarzo ba sai an je nesa ba, wani yana nan tsaye gaban allo. Da ya leƙa layin farko na Auta, sai ya ga shukarsa ta tsiro.

"Gwarzona shi ne Malam," ta fara.

Malam ya sunkuyar da kai, wai shi kunya.

"Na farko, Malam ba ya tsoron kowa. Ko hedimasta ya kaɗa ƙararrawa, sai ya ga dama yake zuwa. Na biyu, yana da haƙuri. Duk ihun da muke yi, ba ya tashi daga barci. Na uku, ba shi da rowa, har makin jarrabawa monita ya bar wa ya raba mana. A ƙarshe, in na girma zan zama malama, ni ma in huta."

Alli ya suɓuce daga hannun Malam.

Sufeto ya gyara tabarau. "Tsari kam ya yi, Malam. Sai dai shaidar mutum ɗaya ba ta isa. Yara, akwai wanda ya rubuta a kan Malam kuma?"

Duk ajin ya ɗaga hannu.