Na'urar Gwajin Sugan Baba

"Kawo nan, 'yar firamare." Yaya ya fizge na'urar gwajin suga daga hannuna. "Wa ya ba ki aikin masu ilimi?"

Yayan mijina ne, digirinsa biyu, don haka na bar masa. Ni ce ke gwada surukina, Baba, kowace safiya kafin ya sha ƙwayar magani. Likita ya ce idan sugan ya hau sai allura, Baba kuwa tsoronta yake kamar mutuwa.

Kwana bakwai Yaya yana shiga ɗakin Baba ya turo ƙofa.

A asibiti likita ya duba lambobin da na'urar ta adana, ya girgiza kai. "Ƙwaya ta gaza. Yau za a fara allura."

Baba ya fara salati. Na daure na ce, "Likita, duba yatsunsa. Babu sabon huji."

Yaya ya cusa hannu a aljihu. "Yatsana na riƙa hudawa don in cece shi daga allura. Ni da nake garau, me zan duba a lamba?"

Likita ya tura masa kujera. "Ashe suganka ne ya hau. Zauna."

Yanzu mutum biyu 'yar firamare ke gwadawa kowace safiya.