Baburin da Ya Ƙi Jin Kuloci

Tunda ka ce likita uku ka canza amma cikin nan naka bai daina ƙuna ba, gyara zama, maƙwabci, in ba ka labarin wani mai madara.

Mutumin nan sana'arsa ɗaya ce. Kullum da asuba sai ya hau wani tsohon babur na shiga daji, irin mai dogayen ƙafafun nan da malaman gona suka yi yayi, ya tsallake fadama zuwa rugage, ya auno madara jarka biyu, ya kawo wa wata mai yogot a gari kafin rana ta yi zafi. In ya makara madara ta yi tsami, in ta yi tsami ranar ba cefane a gidansa. To, sai baburin ya tsiro da wani hali. A matse kuloci har yatsu su yi ciwo, shi gogan bai san ana yi ba, sai ya riƙa jan jiki gaba kamar akuyar da ta hango dusa. A sa giya ta ɗaya, ka ji ƙwas kamar an taka ƙwarya. Firi kuwa, wato inda babur ke fita daga giya, ta zama allura cikin ruwa, sai mai rabo. Tsayawa ta koma aikin ƙafa, har takalmi biyu ya cinye a damina guda wajen turjiya da ƙasa. Ya kai wa bakanike na farko, ya ce wayar kuloci ce ta saki, ya sa sabuwa, ya canza mai. Na biyu ya buɗe inji ya ce farantan kuloci ne suka manne, ya wanke su tas, ya zuba sabon mai. Na uku ma sababbin faranti ya sa gaba ɗaya. Kowanne ya gama, babur zai zo gida lafiya lau kamar ango, kwana biyu ciwo ya dawo, kuma ya fi tsanani da sanyin safiya, daidai lokacin da ake bukatarsa. Bawan Allah ya gaji tiɓis. Ya zagi waya, ya zagi faranti, ya ce duk mai riƙe sifana macuci ne. Daga baya har laya ya ɗaura a gindin madubi, wai ko wani ne ya sa masa hannu.

Akwai abin da bai taɓa gaya wa ko ɗaya daga cikinsu ba, don shi bai ga abin faɗa a ciki ba. A saninsa baƙin mai kamar kunu yake, mai kauri shi ke riƙe ciki. Duk ran da ya dawo daga gareji sai ya tsoma tsinke a inji, ya ga mai tsararo, ya girgiza kai ya ce an sake cutarsa. Sai ya kwance noti ya tsiyaye shi a kwano, ya janyo wata jarka daga bayan ƙofa, man giyar tarakta ne da surukinsa direba ke ba shi kyauta, mai kauri kamar maɗi, ya ɗura wa babur har wuya yana shafa tanki yana cewa sha ka ƙoshi. Man nan ya kwana a sanyi, farantai su manne da juna kamar alewa a aljihu, wace waya ce za ta raba su?

Ran da abin zai ƙare, ya ɗauko madara jarka biyu cike, an yi ruwa da dare, hanya duk laka. Ya iso bakin rafi inda hanyar ta tsuke, ga garken shanu suna tsallakawa. Ya matse kuloci, ya damƙe birki, ƙafar gaba ta tsaya, ta baya ta ce ita ba a gaya mata ba. Babur ya juya masa gindi, ya kwantar da shi a taɓo, jarkoki suka fashe, madara ta malale a gaban shanun da suka ba da ita, suna kallonsa suna tuƙa. Mai yogot ta jira har hantsi, karo na huɗu ke nan, ta kira wani mai keke ta ba shi aikin. Mai keke fa.

Ya turo babur da ƙafa har gari, ya jingine shi gaban wani tsohon bakanike, ko ƙarfin zagi ba shi da shi. Tsohon bai ɗauki sifana ba. Ya buɗe murfin mai, ya tsoma yatsa, ya ɗaga, mai ya biyo shi yana zare. Ya ce, "Malam, wa ke ɗura wa wannan marayan maɗi?" Mutumin ya gyara hula ya ce, "Ni ne da hannuna, Baba. Ai ba na yarda da tsararon nan naku." Tsoho ya goge yatsa a riga, ya ce, "To kulocinka lafiyarsa ƙalau. Mai baburin ne ke son gyara, ni kuma ban koyi wannan ba."

Wata huɗu yana zagin waya da faranti da mutanen kirki uku, jarkar nan tana zaune bayan ƙofa ko harara bai taɓa yi mata ba. Kai ma tun da ka zauna nake jin ƙamshin ƙullin yajin da ke aljihunka, ga shi kana tambayata ina za a samu likita na huɗu. Hausawa dai sun gama magana: an bar jaki ana dukan taiki.