Karen Da Bai San 'Yan Gida Ba

Ranar da ƙaninsa direba ya dawo daga Jos da kwiyakwiyai biyu a kwali, Zailani ya kasa rufe baki. Farare ne sol, gashi buzu-buzu, wai irin karnukan ƙasashen sanyi ne da ake kira Samoyed. Zailani manomi ne a Tarai, yana kuma turke raguna, ɓarayin dabbobi kuwa sun hana unguwar sakat. Ya ɗauki namijin don gadi, macen ya ba maƙwabcinsa Bappa, wani dattijon Bafulatani da ya daɗe da ajiye sandar yawo ya kama noma.

'Yarsa Afra'u, wadda ba ta daɗe da shiga firamare ba, ita ta raɗa wa kwikwiyon suna Auduga. Amma ba a bar ta ta more shi ba. Abokan hirarsa na majalisa sun riga sun zuga Zailani cewa karen da ya saba da mutane ya tashi daga aiki, sai a kulle shi inda ba ya ganin kowa, a riƙa barbaɗa masa barkono a abinci, sannan zai yi zafi. Zailani kuwa mutum ne da in magana ta shige shi, ko da guduma ba ta fita. Ya ɗaure Auduga da sarƙa a wani ɗakin langa-langa bayan garke, ya kafa doka: ban da shi, kada wanda ya leƙa.

Bappa ya ji labari ya tako har ƙofar gida.

"Zailani, ka fito da ɗan karen nan ya sha iska. Ya ji muryar yaranka, ya san warin ragunanka. In bai san na gida ba, yaya zai gane baƙo?"

"Bappa ke nan! Ni gadi nake so, ba abokin wasa ba. Kuma mai ɗakina Lubabatu ba ta son ya lashe mata kwanuka."

"Wa ya ce ka kai shi ɗaki ko wurin salla? Tawa ma a waje take kwana. Amma tana bin shanu, tana ganin jikokina, har kasuwa nake ratsawa da ita."

Zailani ya yi dariya, ya ce wannan ai tunkiya Bappa yake kiwo, ba karya ba.

Damina ta wuce, wata ta sake wucewa. Karyar Bappa, wadda ya sa wa suna Kosam, wato nono da Fulatanci, ta girma kowa ya san ta. Yara na wucewa ba ta ko ɗaga kai, amma baƙo ya doshi shanu sai ta cika unguwa da haushi. Auduga kuwa sai dai a ji gurnaninsa ta bayan langa-langa, Zailani yana jin daɗi yana cewa aiki ya yi kyau.

Wata rana da bazara, rana ta take, Zailani ya tafi sharar gona ya manta bai zuba wa karen ruwa ba. Afra'u ta ji shi yana haki kamar zai mutu, ga gashi, ga zafin langa-langa. Tausayi ya kama ta. Ta ɗebi ruwa a tsohuwar roba, ta tura ƙofar tana kiran sunan da ta raɗa masa.

Auduga bai san ta ba. Tun da aka kulle shi bai ƙara ganin ƙaramin mutum kusa da shi ba. Tsoro ya sa ya zabura, sarƙar da ta yi tsatsa ta tsinke, ya cafki hannunta ya kayar da ita.

Allah ya sa a lokacin Bappa yana komowa daga rafi da shanunsa. Ihun Lubabatu ya ji. Kafin ya kai zaure Kosam ta riga shi, ta bangaje ɗan'uwanta, ta tsaya tsakaninsa da yarinyar tana haushi har Bappa ya iso da sanda. Shi ya yage rawaninsa ya ɗaure hannun, ya tare mai babur suka nufi asibiti a Rano.

Ko da Zailani ya iso, an yi ɗinki, an fara allurar cizon kare. Likita ya ce yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba, kuma da an ƙara jinkiri kaɗan, da wuyanta zai kai. A gida kuwa samarin unguwa sun riga sun kashe Auduga. Zailani ya durƙusa gaban Bappa a barandar asibiti, hawaye na zuba, babu kunyar kowa.

"Bappa, ka faɗa mini na yi maka dariya. Da me zan saka maka?"

"Tashi, ka gode wa Allah. 'Yarka tana numfashi."

Da Afra'u ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya shi ne, "Baba, Auduga ya sha ruwan?" Wannan tambaya ta fi komai yi wa Zailani ciwo, don ya san karen ba mugu aka haife shi ba, shi ya mayar da shi haka.

Har yau in ya ga Afra'u tana riƙe da alƙalami da yatsu uku tana tafiya makaranta, sai ya ce alhamdu lillahi. Kuma duk ranar da aka yi yanka a gidansa, ƙashi mafi tsoka na Kosam ne, shi da kansa yake kai mata.

Jama'a, duk wanda zai ajiye kare, ya saba masa da mutanen gida da dabbobi tun yana kwikwiyo. Kulle da azaba ba sa koya wa dabba gadi, tsoro suke koya mata, kuma mai tsoro ba ya bambance ɓarawo da ɗan gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.