Ƙofar Ƙarshe a Wasan Atiku

"Yau za a goge kaset ɗin wasan Atiku, Malam," in ji Gidiyon, akawun makarantar. "Ɗalibai sun fi son wasan harbe-harbe."

Malam Dalhatu ya zo Dutsin-Ma daga Kurfi ne domin kwashe kayan ɗansa Atiku, malamin lissafi, Allah Ya jiƙansa. Tun ranar jana'iza bai ji komai a ƙirjinsa ba. Wannan wasa da marigayin ya rubuta a kwamfuta, na matafiyi mai neman hanyar gida, Malam ya taɓa kiransa ɓata lokaci. Atiku bai ƙara ambatonsa a gabansa ba.

"Ai ya ma lalace," Gidiyon ya ce. "Matafiyin ya iso gida, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Mun rubuta a tura, mun rubuta a fasa, mun nemi makulli, duk a banza."

Malam ya dubi gilashin kwamfutar.

"Kun yi sallama?"

Gidiyon ya buga haruffan sallamar.

Rubutu ya bayyana: "Wa alaikumus salam. Shigo, Baba. Na san wata rana za ka zo."

Malam ya ajiye jakar kayan, ya zauna.

"Bar kaset ɗin nan, ɗana. Nuna mini yadda ake shiga."